Zaɓen Nozul ga Injin Turbo da Aka Ƙara wa Ƙarfi

Injin fetur yana cin iska da mai ne a kan awo. Idan ana son man ya ƙone ƙurmus, kowane giram 1 na fetur yana buƙatar giram 14.7 na iska. Turbo kuwa aikinsa ɗaya ne: hayaƙin da ke fita daga injin ya juya masa farfela, shi kuma ya dinga cusa wa injin iskar da ta fi wadda zai iya zuƙa da kansa. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar tun 1905, amma sai a 1962 ta shiga ƙananan motocin kasuwa a Amurka, a Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair.

Yau masu son gudu sukan canza turbon da mota ta zo da shi su sa babba, ko su ƙara matsin na asalin. Idan matsin turbo ya kai bar 1, iskar da ke shiga silinda ta kusa ninka ta injin da ba shi da turbo. Dole mai ya bi sahu, har ma ya ɗan zarce, domin a ƙarƙashin matsi masu saiti sukan nemi awon iska 11.5 zuwa 12 a kan mai 1. Rarar man nan ba asara ba ce, ita ce ke sanyaya cikin silinda. Idan ta gaza, zafi ya hau, wuta ta fara tashi ba bisa tsari ba tana dukan kan fistin, kafin direba ya ankara fistin ya narke ko ringi ya karye. Daga nan sai a ce injin ya buga. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, tazarar da ke tsakanin lafiya da wannan ɓarna ta fi ƙanƙanta, saboda iskar da turbo ke matsawa da ma da zafinta ta shigo.

Abin da ke ba da man shi ne nozul, wanda wasu ke kira injekta. Wannan darasi zai koya muku lissafin girmansa, da yadda ake gane wanda zai shiga injin, da yadda ake raba na amana da na bogi.

Kwamfuta ba ta ganin mai

Nozul ɗan bawul ne mai aiki da lantarki. A cikinsa akwai naɗin waya. Wuta ta shiga, naɗin ya zama maganaɗisu ya ɗaga allura, mai ya feso. Wuta ta ɗauke, sifirin ya mayar da allurar ta toshe. Tun da kamfanin Bosch na Jamus ya sa tsarin D-Jetronic a Volkswagen 1600 a 1967, asalin aikin bai canza ba.

Ga abin da ya kamata ya zauna muku kafin komai. Kwamfutar injin, wadda ake ce wa burenbos a gareji, ba ta da hanyar auna man da ya fita daga nozul. Lokaci kawai take ƙirgawa. Kamar mai ban ruwa ne da dare: ba ya ganin ruwan da ya shiga fangali, ya dai san faɗin magudanarsa, don haka ya buɗe, ya ƙirga, ya toshe. Idan wani ya faɗaɗa magudanar da rana bai gaya masa ba, zai yi ƙirgensa daidai amma shuka ta nutse. Saboda haka nozul na amana shi ne wanda aka san halinsa da lamba, aka rubuta, aka gaya wa kwamfuta, kuma 'yan uwansa da ke sauran silindoji suke da hali iri ɗaya da nasa. Kyan kwali da girman suna duk suna bayan wannan.

Lissafin girma

Ana faɗin girman nozul da yawan man da zai zubar a minti ɗaya idan an bar shi a buɗe, wato cc a minti. Amurkawa sukan yi amfani da fam a awa, kuma fam 1 a awa ya yi kusan cc 10.5 a minti. Yawanci ana yin wannan awo ne a matsin mai na bar 3. Ku riƙa duba matsin da aka rubuta, domin wasu masu sayarwa suna auna nasu a bar 4 don lambar ta yi girma.

Lissafin yana buƙatar abu huɗu: ƙarfin dokin da ake nema, yawan silinda, man da kowane doki ke ci, da rabon lokacin da nozul zai kasance a buɗe. Injin da ba shi da turbo yakan ci fam 0.45 zuwa 0.50 ga kowane doki a awa. Mai turbo yakan ci 0.55 zuwa 0.65, saboda rarar sanyayawar nan. Game da lokaci kuwa, injin mai bugu huɗu yana kammala zagaye ɗaya ne a juyi biyu, don haka idan yana juyi 6,000 a minti, kowane nozul yana da milisakan 20 kacal ya buɗe, ya feso, ya rufe. Ba a so buɗewarsa ta wuce kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na wannan lokaci. Idan ta doshi 100, allura ba ta samun zama kafin a sake kiranta, naɗin waya ya yi zafi, kwamfuta kuma ba ta da sauran abin da za ta ƙara ko da injin ya nema.

Mu ɗauki injin silinda 4 da ake so ya ba da doki 300. A ninka 300 da 0.60, an sami fam 180 a awa, man da injin gaba ɗaya zai ci ke nan. A raba wa silinda 4, kowace ta sami 45. Tun da nozul zai yi aiki ne kashi 80 na lokaci, a raba 45 da 0.80, an sami 56.25. A ninka da 10.5, amsa ta zama kusan cc 590. To a kasuwa sai a nemi mai 630 ko 650. Ga mai silinda 4 a kan fetur, hanyar gaggawa ita ce kusan cc 2 ga kowane doki. Abin lura, dokin da ake nufi a nan shi ne na jikin injin. Idan lambar da mai mota ya kawo an auna ta ne a tayoyi, sai an ƙara wani abu, domin giya da sauran ƙarafa sun riga sun ci rabonsu. A Amurka, inda ake sayar da man E85 mai yawan etanol, ana ƙara kusan kashi 30 a kan wannan lissafi.

Wani zai ce, to me zai hana a sa mai 1,700 a huta gaba ɗaya? Wannan tambaya ita ce ta fi jefa mutane cikin wahala, kuma amsarta tana wajen silo, wato lokacin da injin ke aiki mota na tsaye, ba wajen gudu ba.

Jinkirin buɗewa

Idan kwamfuta ta aika wuta, allura ba ta tashi nan take. Sai maganaɗisu ya taru ya rinjayi sifirin da matsin mai. Wannan jinkiri yakan kai kusan milisakan 1 idan wutar mota tana bolt 14, kuma yana ƙaruwa sosai idan wuta ta yi ƙasa, kamar lokacin tayar da mota da safe, ko idan batir ya tsufa, ko altaneta ta gaji. Yana kuma ƙaruwa idan matsin mai ya hau. Kwamfuta tana da jadawali na wannan jinkiri, tana ƙara shi a kan kowace buɗewa. Kowane samfurin nozul da nasa jadawalin.

A ce ƙaramin nozul yana buƙatar milisakan 2 na fesawa a silo. Idan an yi kuskuren milisakan 0.2 a jadawalin jinkiri, mai ya kauce da kashi 10. Kwamfuta za ta iya gyara wannan da taimakon na'urar da ke sansanar hayaƙi. Yanzu a sa nozul da ya ninka shi huɗu. Fesawar da ake buƙata ta koma milisakan 0.5, kuskuren nan na 0.2 kuma ya zama kashi 40. Ga mota tana rawa a silo, tana mutuwa a danja, ga baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin. Mafi muni shi ne abin da ba a gani: rarar fetur tana wanke bangon silinda tana gangarawa cikin baƙin mai ta tsinka shi. Bakanike da yawa kan shiga canza fulogi da kwayil da firikwensin iska ɗaya bayan ɗaya, alhali ciwon lamba ɗaya ce da ba a shigar ba.

Bugu da ƙari, a 'yan gajerun buɗewa irin waɗannan allura ba ta kai ƙarshen tafiyarta take komowa, don haka man da ke fita ba ya bin lokaci a miƙe. Nozul na zamani irin Bosch EV14 sun fi tsofaffin EV1 iya wannan aiki nesa ba kusa ba, shi ya sa yau ake iya sa mai cc 1,000 a motar hawa ta yi silo lafiya. Amma sai da jadawalinsa a hannu. A ra'ayina, duk nozul da aka kawo ba tare da takardar jinkirinsa a bolt daban-daban ba, rabin kaya aka kawo, ko da kuwa na gaske ne. Kamfanonin da suka yi suna a wannan harka a Amurka, irin su Injector Dynamics da Fuel Injector Clinic da DeatschWerks, babban abin da suke sayarwa ke nan: sun gwada, sun haɗa masu hali ɗaya a kwali ɗaya, sun ba da lambobin da za a shigar wa kwamfuta.

Matsi da famfo

Nozul ba ya tura mai da kansa, ƙofa ce kawai. Abin da ke fitar da man shi ne bambancin matsin da ke bayansa, a bututun rabon mai, da wanda ke gabansa, a manifol. Idan bututu yana bar 3 a tsaye, turbo kuma ya cika manifol da bar 1, saura bar 2, sai nozul ya rasa kusan kashi 18 na ƙarfinsa daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Don haka ne ake jan ɗan tiyo daga manifol zuwa regiletar mai, ta yadda duk abin da turbo ya ƙara, matsin mai ya ƙaru da daidai shi. Ɗan tiyon nan idan ya tsage ko ya fice, injin na iya bugawa a taku ɗaya na totur. A ɗaure shi da kyau.

Wasu kan ƙara matsin mai don su kauce wa sayen sabon nozul. Ribar ba ta da yawa: daga bar 3 zuwa 4, ƙarin bai wuce kashi 15 da ɗan wani abu ba, famfo kuma yana rage yawan man da yake turawa duk lokacin da matsi ya hau. Injin misalinmu mai doki 300 yana shan kusan lita 110 a awa idan an take shi ƙasa. Famfo irin Walbro 255, mai lita 255 a awa, zai ɗauke shi da rara, muddin wayarsa tana da kauri kuma wuta na isa gare shi.

Zai shiga kuwa?

Da farko a sa mita a auna turjiyar naɗin wayar. Akwai masu om 12 ko kusa da haka, su ne mafi yawa a motocin yanzu, akwai kuma masu om 2 zuwa 4. A bolt 14, mai om 12 yana jan amfiya 1 da ɗoriya, mai om 2.5 kuwa ya haura amfiya 5. Idan aka haɗa na biyun kai tsaye da kwamfutar da aka ƙera don na farkon, za ta ƙone. Shi ya sa wasu motocin Japan, kamar Mitsubishi Lancer Evolution na da, suke da ɗan akwatin rage wuta a tsakani. Wanda ya koma masu om 12 a irin wannan mota sai ya tsallake akwatin.

Sai siffa. Yawancin nozul ta sama mai ke shigar musu, amma injuna irin Nissan SR20DET da Toyota 2JZ-GTE sun zo da masu shan mai ta gefe, kuma ba a musanya su sai an canza bututun rabon mai. EV14 yana zuwa da tsawo uku, kusan milimita 34 da 48 da 60 tsakanin zoben robar sama da na ƙasa. Zoben kansa akwai mai milimita 14, akwai mai 11 a motocin Japan da yawa. Soket ma iri-iri ne, na Jetronic da na USCAR da na Denso, amma wannan mai sauƙi ne, akwai mahaɗi. A duba kuma yadda yake fesawa: injin mai bawul biyu na shigar iska a kowace silinda ya fi son nozul mai raba feshi gida biyu, don kada mai ya dinga dukan bangon da ke tsakani yana kwarara.

Duk wannan bayani na injin da ke fesa mai a manifol ne. Injuna irin TSI na Volkswagen da EcoBoost na Ford, masu fesawa kai tsaye cikin silinda, suna aiki da matsin da ya haura bar 100, wasu sababbi har 350. Nasu karatun daban ne, kuma ba a kwance bututunsu da ka.

Na gaske da jabu

Kayan da ya yi suna shi ake kwaikwaya. Siemens Deka mai cc 630 da koren Bosch mai cc 440, lamba 0 280 155 968, wanda masu injin 1.8T na Golf da Passat da Audi suka daɗe suna so, suna cikin waɗanda aka fi yi wa jabu a duniya. A da ana gane na bogi da dusashen rubutu da kaushin roba. Yanzu masu kwaikwayo sun ƙware, ido kaɗai ba ya isa. Farashi ya fi ido faɗin gaskiya: idan saiti guda bai kai kuɗin nozul ɗaya na gaske ba, an gama magana. Akwai kuma wata dabara ta ɗaukar ƙaramin nozul a fasa masa baki ko a cire farantin ramukansa don ya zubar da yawa. Zai zubar, amma feshin ya lalace, kuma da wuya a sami biyu masu zubi ɗaya.

Haɗarin rashin daidaito shi ne yana ɓuya. Na'urar sansanar hayaƙi tana karanta matsakaicin silinda duka ne. A ce nozul ɗaya cikin huɗu ya gaza da kashi 8. A matsakaici gibin kashi 2 ne kawai zai bayyana, mai saiti ya ga allo lafiya lau. Amma idan sauran ukun suna kan awon 11.8, waccan ɗayar tana wajen 12.8, tana ƙuna ita kaɗai. Saiti mai kyau bambancinsa ba ya wuce kashi 1 zuwa 2.

Wanda aljihunsa bai kai sabo ba yana da mafita mai mutunci, wato nozul na asali da aka ciro daga injin turbo mafi girma, ƙirar Bosch ko Denso ko Keihin. Ana samun irinsu a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas. Na fi yarda da tsohon na gaske a kan sabon da ba a san mahaifarsa ba. Sai dai wanda ya daɗe a ajiye, man da ya bushe a cikinsa kan manne allura. Idan mai shago ya ce, "Alhaji, wannan daga jikin mota na cire shi da hannuna," amsar ita ce, "Na yarda, maigida, amma mu kai shi kan na'ura, in ya ci gwaji na biya." Mai kayan kirki ba ya gudun wannan sharaɗi.

Gwajin da ake yi a bakin titi, a taɓa wayar batir a ji ƙas-ƙas a ga feshi, yana nuna cewa nozul na buɗewa ne kawai. Mai ƙaramar turjiya ma yana iya ƙonewa idan aka bar shi a kan batir. Gwajin gaskiya a kan na'ura mai kwalaben awo ake yin sa, irin ta kamfanin ASNU na Ingila da makamantanta. A jera saitin gaba ɗaya, a ba su matsi ba tare da wuta ba a ga ko akwai mai ɗiga. A buɗe su gaba ɗaya a kwatanta kwalabe. Sa'an nan, wanda aka fi mantawa, a gwada su a gajerun buɗewa irin na silo, domin nan ne jabu ke tona kansa. A yi amfani da ruwan gwaji, ba fetur ba, kuma a rubuta sakamakon kowane nozul da lambar silindar da zai shiga.

Ɗaurawa da bibiya

A sauke matsin mai, a cire kan batir, a nisanci wuta da sigari. Zoben roba sabo ake sawa, a shafa masa ɗan baƙin mai mai tsabta don kada ya yage. Bayan an ɗaura, a kunna makulli ba tare da tayar da injin ba, a duba yoyo da ido da hanci. Fetur a kan turbo mai zafi gobara ce.

A canza filtar mai a rana ɗaya, a sa mai tace maikron 10 bayan famfo. Ramukan bakin nozul ƙanana ne ƙwarai, man da aka saya a galan a gefen hanya kuwa ba a rasa shi da ƙura ko ruwa. Ko na gidan mai ba kullum yake da tsabta ba: a Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA ta tabbatar da shigowar fetur mai yawan metanol Najeriya, kuma irin wannan mai yana cin roba da wasu ƙarafa.

Kada a tuƙa motar kafin a shigar wa kwamfuta sabon girma da jadawalin jinkiri. Bayan an shigar, a karanta gyaran da kwamfuta ke yi wa mai da na'urar bincike. Idan gyaran iri ɗaya ne a silo da kan hanya, a ce tana rage kashi 10 ko'ina, lambar girma ce ba daidai ba. Idan kuwa ya yi yawa a silo ya ragu a kan hanya, ko ya canza da an kunna fitilu da fanka, jinkiri ne. Sai waɗannan sun zauna kusa da sifili ake fara taka totur a hankali, ido na kan na'urar awon iska da mai mai faɗin zango, irin mai firikwensin Bosch LSU 4.9, ana ƙara matsin turbo kaɗan-kaɗan.

Aiki

Wani ya kawo injin silinda 6 yana son doki 400 a kan fetur. Yi amfani da 0.60 da kashi 80 ka fitar da girman nozul da cc a minti. Sa'an nan a ce an kawo maka saiti da aka rubuta cc 550 a bar 4: shin zai isa idan motar tana aiki a bar 3? Nuna lissafinka.

A mako mai zuwa kowa ya zo da nozul ɗaya daga garejinsu, ya auna turjiyarsa da tsawonsa da faɗin zobensa, ya rubuta lambar da ke jikinsa da injin da aka ciro shi.